Bakin shimfiɗar faranti ya ƙi kwanciya: a taimaka min da shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗinka ƙananan shimfiɗun faranti guda shida na teburin cin abinci, irin waɗanda ake sa auduga a tsakanin yadi biyu a bi su da layukan ɗinki. Kowacce inci 12 ce da inci 18. Jikinsu ya yi kyau yadda nake so, amma da na zo naɗe baki sai aiki ya lalace. Biyu na gama, duka biyun bakinsu ya yi tudu da kwari, ya ƙi kwanciya a tebur ko na danne da dutsen guga. Kusurwoyin kuma sun dunƙule, har allura ɗaya ta karye min a wajen. Sauran huɗun na ajiye su don kar in ɓata. Ina so bakin ya zama ado ne, ba rufe ɗanyen yadi kawai ba. Me nake yi ba daidai ba?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, kafin a ce komai, amsa min abu uku. Bayan kin gama bin jikin da ɗinki, kin sa rula kin daidaita gefunan kin datse, ko haka kika ɗora naɗin? Tsirin da kika naɗe da shi, a miƙe kika yanka ko a karkace? Kuma faɗinsa nawa?

Maman Hanifa: Hajiya, ban datse da rula ba, da almakashi na bi kawai na cire audugar da ta leƙo. Tsirin kuma bayas ne na saya wanda aka riga aka ninke, siriri. Na riƙa ɗan jan sa ina ɗinkawa don ya kama sosai.

Hajiya Rabi: To ga matsalar nan kin faɗe ta da bakinki. Bayas a karkace ake yanka shi, yana miƙewa idan an ja. Kina ja kina ɗinkawa, kina saki ya nemi komawa tsawonsa na asali, sai ya tattaro bakin shimfiɗar ya taho da shi. Idan kuma shimfiɗar kika ja, bayas ɗin yana sake, bakin ya buɗe ya yi ta lilo. Ko ta ina dai ja ne ya kawo shi. Hannu aikinsa saita hanya, haƙoran keke ke tafiyar da yadi.

Sannan datsewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ɗinkin da kika bi jiki da shi yana tsuke yadi, kuma ba ya tsuke shi daidai a ko'ina. Inda layuka suka yi yawa ya fi shigewa. Saboda haka abin da kika yanka inci 12 da 18 ba haka yake fitowa daga keke ba. Ni ina yanka yadin da audugar da rarar inci ɗaya a kowane gefe, in gama bin jiki, in goge, sannan in sa rula da alli in fitar da awon gaskiya in yanke. Ki auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ki auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, kusurwoyinki sun tsaya daidai. Bayan nan ki zagaye da ɗinki ɗaya daf da baki, ƙasa da kwatan inci, ya riƙe rubi ukun nan wuri guda. Wannan zagayen minti biyu ne amma shi ke hana baki buɗewa.

Malam Auwalu: Hajiya ta gama magana a kan ja. Abin da zan ƙara, ni ban ga dalilin sa bayas a abu mai kusurwa huɗu ba sam. Gefe miƙaƙƙe, tsiri miƙaƙƙe. Ki yanka daga faɗin yadi, inci 2 da kwata, ki ninke biyu a tsawonsa ki goge, ɗanyen baki ya haɗu da ɗanyen baki. Kewayen shimfiɗarki inci 60 ne, ki ƙara 12 saboda kusurwoyi da haɗi, ya zama 72. Faɗin yadin auduga yakan kai inci 42 zuwa 44, don haka tsiri biyu ya ishi ɗaya har da saura. Shida ɗin gaba ɗaya tsiri 11 za su ci, wato tsawon inci 25 na yadi. Ba ya miƙewa, ba ya wahalar da sabon hannu, ba ya cin yadi.

Hajiya Rabi: Malam, a nan ba na tare da kai gaba ɗaya. Ga mai koyo, na yarda, miƙaƙƙe ya fi sauƙi. Amma ka duba tsohuwar shimfiɗa da aka naɗe da miƙaƙƙen tsiri, ka ga ta ina take fara mutuwa. A kan ninkin take tsagewa, tiryan-tiryan kamar an sa reza, saboda zare ɗaya ko biyu ne suka kwanta a kan ninkin daga farko har ƙarshe, su kaɗai ke shan gugar tebur da wanki. A karkace kuwa zaruruwa ne da yawa ke gittawa ta wajen, in ɗaya ya tsinke sauran na riƙe. Abin da za a riƙa wankewa kowane mako ya kamata a yi masa wannan lissafin.

Malam Auwalu: Gaskiya ne Hajiya, haka yake tsagewa. Sai dai shi ya sa na ce a ninka biyu. Kafin rubi biyu na yadi mai kyau ya cinye a baki, jikin shimfiɗar ya riga ya sha tabon da ba ya fita. Ni a wurina kwanansu tare yake ƙarewa. In da bargo ne da za a gada, sai in bi maganarki.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Zan fara da miƙaƙƙen tunda hannuna bai zauna ba. To kusurwar fa? Ita ta fi ba ni haushi.

Malam Auwalu: Ki karanta wannan da yadi a hannunki, in ba haka ba ba zai shiga ba.

Ki fara daga dogon gefe, ki bar jelar tsiri kamar inci 8 ba ɗinki. Ki riƙa ɗinkawa kwatan inci daga baki. Idan kin kusa kusurwa, ki tsaya saura kwatan inci daidai, ba ƙari ba ragi. Gara ki sa alama da alli tun kafin ki iso. Ki koma baya ɗinki biyu, ki yanke zare, ki fitar da aikin daga keke. Ki juya shi yadda gefen da kika gama zai koma sama a gicciye. Ki ɗaga tsirin ki kai shi sama, zai yi ninki a karkace a kan kusurwa. Ki danne wannan ninkin da yatsa, ki dawo da tsirin ƙasa ya kwanta a kan sabon gefe, sabon ninkin ya yi daidai da bakin sama. Ki fara ɗinki daga can bakin. Haka sau huɗu.

Idan kin juya naɗin baya, za ki ga gaban ya fitar da layi a karkace da kansa. A bayan sai ki lura: in ninkin gaba ya kwanta dama, na baya ki kwantar da shi hagu. Yawancin dunƙulewar kusurwa daga nan take, an tara ninki biyu a gefe guda. Kuma kafin ki ɗora tsiri, ki zagaya da shi da hannu ki ga inda haɗe-haɗensa za su faɗa. In haɗi ya zo kan kusurwa, ki matsar da wurin farawa. Allurar da ta karye miki ina zargin nan ta haɗu da rubi takwas ko fiye.

Ummi: Malam don Allah yaya ake haɗa jelar farko da ta ƙarshe? Ni kullum cusa ɗaya nake yi cikin ɗaya, sai ya yi ƙulli.

Malam Auwalu: Ki tsaya ki bar tazarar inci 10 tsakanin inda kika fara da inda kika tsaya. Ki kwantar da jelar farko, ki ɗora ta ƙarshe a kai, su hau juna da awon faɗin tsirin, wato inci 2 da kwata, ki yanke rarar. Ki buɗe su, fuska da fuska, ɗaya a gicciye kan ɗaya, ki ɗinka daga kusurwa zuwa kusurwa. Kar ki datse tukuna. Ki ninke ki gwada a jiki, in ya kwanta lif sannan ki datse ki buɗe ɗinkin da guga. Haɗi a karkace yana raba kauri, yatsa ma da ƙyar yake gane wurin.

Zainabu: Duk wannan gyara ne, amma Yaya Maman Hanifa ado ta ce tana so. Ni abin da ya fi burge ni shi ne 'yan tsinayen nan masu kusurwa uku da ake jerawa a baki kamar haƙoran zarto. Kyalle mai inci 3 ta kowane gefe za ki ninke daga kusurwa zuwa kusurwa, ki sake ninkewa, ki goge. Ɓangare ɗaya yana da baki a buɗe, sai ki ɗan cusa na gaba a ciki, su riƙe juna. Kina jera su a kan fuskar shimfiɗa tsinin yana kallon ciki, ki ɗinka su a jikin yadin sama da auduga kawai, ki ɗage yadin baya gefe. Kina juyo su waje sai ki kalmashe yadin baya ki rufe. Ragowar kyallaye na gida duk suna shiga, launi daban-daban. Wallahi idan aka jera a tebur kamar kar a ɗora komai a kai.

Anti Larai: Zainabu, kin lissafa kuwa? Bayan ɗinki kowane tsini faɗinsa inci 2 da rabi ne. Dogon gefe zai ci 7, gajere 5, shimfiɗa ɗaya 24 ke nan. Shida kuma 144. Yankawa da ninkewa ma duk mai sauƙi ne. Ni na yi su, na ji daɗinsu a ranar farko. Wankin farko kowane tsini ya nannaɗe ya kalli inda ya ga dama, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da dutsen guga. Wanki na biyu ma haka. A na uku na linke su na sa a durowa, suna can har yau, kuma abin yana damuna don yadin mai kyau ne. Abin da za a ci abinci a kansa kullum ba ya son adon da ke neman hidima bayan kowane wanki.

Zainabu: Anti ai ba dole sai an zagaye ba. A gajerun gefuna biyu kawai, guda 10 ke nan. Kuma in an bi bakin kowane tsini da ɗinki daf da ninki bai cika nannaɗewa ba.

Anti Larai: Wannan kam na yarda, goma ana iya rayuwa da su. Sai dai ki tuna dole ki bar wajen inci ɗaya a gefen ba ki bi shi da ɗinkin jiki ba, in ba haka ba babu yadda za ki ɗage yadin baya. Ita kuma Maman Hanifa ta riga ta bi nata har baki.

Maman Hanifa: Haka ne Anti, har baki na kai layukan.

Anti Larai: To ga wanda zai yi miki, kuma shi nake yi yanzu a kusan komai. Naɗi mai siririn layi na wani launi a gefensa na ciki, kamar an sa faifin amma ba igiya a ciki. Yadi kala biyu za ki yanka: na asalin naɗin inci 1 da rabi, na layin adon inci 1 da kwata uku. Ki haɗa kowanne ya kai tsawon da kike so, sannan ki ɗinka su tare a tsawonsu da kwatan inci, ki goge ɗinkin ya kwanta wajen na asalin. Idan kika ninke biyu, tunda na adon ya fi faɗi da kwata, zai leƙo da rabin kwata a bakin ninki. Wannan leƙowar ita ce adon.

A bayan shimfiɗa za ki fara ɗinka shi, launin adon yana kallonki. Kusurwa yadda Malam ya bayyana. Ki juyo da shi gaba, ki bi ramin da ke tsakanin kala biyun da zare mai launin adon. Ɗinkin yana ɓacewa a cikin ramin. Duka da keke, ba aikin hannu ko ɗaya, kuma ba abin da zai tashi a wanki. Zaren ƙasa ki sa mai launin yadin baya, don layin zai fito a can kusa da naɗin.

Hajiya Rabi: Larai, yana da kyau, na gani a hannun mutane. Amma wannan layin da ke fitowa a baya shi ne ba na so. Ni har gobe gaba nake ɗinkawa da keke, in juya baya in kama da allurar hannu, ɗinki ƙanana masu ɓuya, tazarar kwatan inci ko ƙasa da haka. Sai shimfiɗa ta zama fuska biyu, kowane ɓangare ka juya tsaf yake. Inci 60 ne fa kawai, zama ɗaya na yamma ya isa.

Malam Auwalu: Hajiya, zama shida ke nan. Kuma ɗinkin hannu zare ɗaya ne, in ya tsinke a wuri guda sai ya yi ta warwarewa. Na keke zare biyu ne a sarƙe.

Hajiya Rabi: Shi ya sa ake ƙulli a ɓoye duk bayan inci uku ko huɗu, in ya tsinke iyakarsa nan. Akwai waɗanda na kama da hannu sun fi shekara goma ana wankewa, yadin ya koɗe amma naɗin bai motsa ba. Ban ce kowa ya yi ba. Mai ɗinkin sayarwa lokaci yake lissafawa, na san wannan. Amma kar a ce wa yarinya ɗinkin hannu ba ya ƙarko, ɗinkin gaggawa ne ba ya ƙarko.

Ummi: Ni tambayata daban ce. Bakin nan mai lanƙwasa kamar rabin wata a jere, ana iya yinsa a abu ƙarami haka?

Hajiya Rabi: Ana yi, kuma a nan ko Malam ba zai musa ba, bayas dole ne.

Malam Auwalu: Ba musu. Miƙaƙƙen tsiri ba ya bin lanƙwasa.

Hajiya Rabi: Ki samu takarda mai tsawon gefen, ki ninke ta kashi-kashi daidai, ki zana lanƙwasar da bakin kofi. Ta haka kowace za ta zo daidai da 'yar'uwarta. Kar ki zurfafa kwarin da ke tsakaninsu, rabin inci ya isa, don duk wahalar a kwarin take. Ki zana a jikin shimfiɗa, ki bi zanen da ɗinki, sannan ki yanke. Wanda ya fara yankewa kafin ɗinki zai ga baki ya miƙe masa a hannu. Bayas ɗin kuma rubi ɗaya, inci 1 da kwata, don mai rubi biyu ba ya shiga kwari. A kan tudu ki sassauta masa, in kika ja shimfiɗar za ta kumbura kamar kwano. A kwari ki ɗan tsaga bakin da tsinin almakashi, ki tsayar da allura a ciki, ki ɗaga ƙafar keke ki juya. Ummi, in ba ki taɓa yi ba, ki fara da zagaye kusurwoyi huɗun kawai da bakin faranti ƙarami. Yana da kyau shi ma, kuma kin huta da ninkin kusurwa gaba ɗaya.

Maman Yusuf: Ba wanda ya yi maganar wanki kafin yanka. Na taɓa naɗe farar shimfiɗa da jan yadi ban jiƙa shi ba, ruwan farko ya zuba ya ɓata duka huɗun. Yanzu duk yadi mai duhu sai na jiƙa ɗan yanki a ruwan ɗumi na matse a farin kyalle na gani. Audugar ciki ma tana shigewa, ta asali kusan kashi 3 cikin ɗari, wata har 5. In jiki ya shige naɗi bai shige ba, baki zai yi lilo ko da an ɗinka shi daidai. Ko dai a wanke duka, ko kar a wanke ko ɗaya, amma kar a gauraya. Igiyar adon nan mai zigizag ma, ta auduga, tana shigewa, a jiƙa ta tukuna. Audugar ciki ta roba kuma ba ta shigewa amma ba ta son zafi, tukunya daga wuta na iya narkar da ita ta lotse.

Maman Hanifa: Yadin na wanke, audugar ce ban taɓa ba. Kekena kuma tsohon na ƙafa ne, ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi. Ina lura yadin sama yana turuwa gaba yana barin na ƙasa.

Malam Auwalu: Masu sabon keke suna sa ƙafa ta musamman mai nata haƙoran a sama, tana jan yadin sama tare da na ƙasa. Ke da ba ki da ita, akwai noti a saman kan keke, daidai saman ƙafar. Ki ɗan kwance shi, dannawar ta ragu. Ki ƙara tsawon ɗinkin ya kai milimita 3, a tsofaffin kekuna wajen lamba 8 zuwa 10 ke nan. Allura lamba 14, sabuwa. Idan kin zo kusurwa ki sauke ƙafarki daga feda ki juya da hannu. Audugar kuma tunda kin riga kin ɗinka, ki jiƙa huɗun nan a ruwan ɗumi, ki shanya a kwance, ki goge, sannan ki datse ki naɗe. Duk shigewar da za su yi su yi ta kafin naɗi ya hau.

Maman Hanifa: Salam, na dawo bayan kwana huɗu. Na jiƙa, na shanya, na auna kusurwa zuwa kusurwa kamar yadda Hajiya ta ce. Ɗaya daga cikinsu bambancin ya kai rabin inci, ban taɓa lura ba. Da na datse sun koma inci 11 da rabi da 17 da rabi, na bar su a haka. Na yi naɗin Anti Larai, shuɗi mai duhu da siririn layi ruwan ƙwai. Alhamdu lillahi ya kwanta lif a tebur, ko guga ban sake yi ba. Kusurwa uku sun fito tsaf. Ta huɗun layin adon bai haɗu da ɗan'uwansa ba, ɗaya ya ɗara ɗaya kaɗan. Biyun farko kuma na fara farke su.

Anti Larai: Ma sha Allah. Wannan kusurwar, kafin ki kai ta keke ki ninke ta da hannu har layukan biyu su haɗu, ki soka fil a daidai mahaɗar, ko ki kama ta da ɗinkin hannu biyu ki cire daga baya. In kin iso ki tsayar da allura a cikin mahaɗar kafin ki juya. Biyun da kike farkewa kuma ki datse su daidai da awon huɗun, in ba haka ba za su fi su girma a tebur.